Filibus Mai Tarakta da Gangaren Mahuta

Na shekara goma sha huɗu ina facin taya a bakin titin Nasarawa kafin in san ana ɗura wa taya ruwa da gangan. Filibus ne ya koya mini. Ya zo da wata tsohuwar tarakta ja, ya kashe ta a gaban rumfata, ya sauko yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Malam Haruna, ruwa za mu zuba wa tayun bayan nan. Kashi uku ruwa, kashi ɗaya iska."

Na ce, "Ruwa kuma, Baba Judith? Ko dai wasa kake?"

"Kai dai kawo tiyo. Nauyi nake so ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafafunta. In nauyi ya hau sama, gangare ya samu abin kayarwa."

Baba Judith muke ce masa, da sunan 'yarsa ta fari. Gajere ne kakkaura, mai magana a hankali, kuma ban taɓa ganin yana sauri ba ko da ana ruwa. An haife shi a wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro, inda gona ba ta kwanciya a shimfiɗe sai dai a jingine. Yana ɗan shekara ashirin ya shiga aikin wata babbar gona, shi da wansa Nicholas, suka koyi tuƙin tarakta tare. Nicholas ya fi shi hannu, kowa ya san haka. Wata safiya ya ratsa gangare a kaikaice don ya rage hanya, tayar ƙasa ta faɗa ramin gara, taraktar ta juye da shi. Ya rayu, amma ƙafarsa ta hagu a asibiti aka bar ta. Filibus sau ɗaya ya ba ni wannan labari, bai ƙara ba.

Daga nan ya taho Kaduna, ya samu aiki a wata masaƙa a Kakuri. Ba cikin masu saƙa yake ba. Aikinsa yankan ciyawar harabar kamfanin ne da ta jikin tudun da ya kewaye tafkin ruwansu, tudu mai tsayi wanda direbobi biyu suka gwada kafin shi suka ce a nemi wani. Shekara goma sha tara yana hawa yana sauka a wurin, ko fitila bai taɓa fasawa ba. Da aka fara rage ma'aikata aka sallame shi, sai ya sayi wannan tsohuwar taraktar a gwanjo, ya ɗaura mata injin yankan ciyawa a baya, ya shiga yi wa makarantu da coci-coci da masu filaye aiki. Matarsa Lydia tana sayar da garin rogo da manja a ƙofar gida. Da haka suka riƙe 'ya'ya biyar.

Abin da ya sa sunansa ya zaga kudancin gari ya faru a daminar da soja suka koma bariki. Shekarar nan kowa ya zama wani abu. Daniel mai sayar da siminti a layinmu ya ci kansila, muka wayi gari muna ce masa Honorabul. Ba mugun mutum ba ne, ɗoki ne ya yi masa yawa. Ya samo wa wata makarantar firamare a Mahuta rijiyar burtsatse, aka sa ranar Asabar ciyaman zai zo ya buɗe. To bayan makarantar akwai gangare mai tsini da ya sauka har rafi, gamba da tofa sun rufe shi sun fi tsayin mutum, an kuma sha kashe macizai a bakin azuzuwa. Honorabul ya ce lallai a share shi kafin baƙi su zo.

Ranar Juma'a da sassafe Filibus ya kai taraktarsa, ni kuma na bi shi a babur saboda tayar gaba tana sace iska. An kwana ana ruwa. Ina kwance tayar, shi kuma ya ɗauki sandarsa ya shiga ciyawar a ƙafa, kamar yadda yake yi a duk inda zai yi aiki. Yana tafe yana caka ƙasa, inda ya samu rami ko dutse ko suri sai ya kafa kara ya ɗaura masa jan ƙyalle. Ya fi awa ɗaya a ciki. Ya fito wandonsa sharkaf, ya tarar da Honorabul yana duba agogo.

"Baba Judith, tun ɗazu ban ji ƙarar inji ba."

"Ba za ka ji ba yanzu, Honorabul. Ƙasa ta sha ruwa, ciyawa santsi gare ta. Sai rana ta take ta bushe. Ko da ta bushe ma, daga waccan bishiyar ɗorawa zuwa rafi ba wurin tarakta ba ne. Adda za a sa."

"Gobe fa ciyaman zai zo! Ka bi ta gefe mana, layi-layi, kafin azahar ka gama."

"Ba a bin irin wannan ta gefe. Da baya ake hawa, a sauko da gaba, a ƙaramar giya. Zai ɗau lokaci, amma zan gama maka na sama kafin baƙinka su zauna."

Honorabul ya ce shi bai ga alamar haka ba. Ya shiga motarsa ya fita, bayan kamar awa guda sai ga shi da wata tarakta sabuwa fil, shuɗiya, da injin yankan ciyawa a bayanta, da aka ɗauko daga wata gona ta wajen Gonin Gora. Mai tuƙa ta Benson ne, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya shekara goma yana jan tifar yashi kafin ya koma tarakta watanni huɗu da suka wuce. Ya gaida Filibus da ladabi, har da rusunawa.

Filibus ya ce masa, "Ƙanena, ka ga jajayen ƙyallayen can? Ramuka ne. Kuma ka haɗa birkinka biyu da sakata kafin ka shiga."

"Na ji, Baba. Ai wannan sabuwa ce, tana da ƙarfi."

"Gangare bai san sabuwa ba."

Na ɗauka Filibus zai yi fushi ya tafi. Bai tafi ba. Ya matsar da taraktarsa kan shimfiɗaɗɗen wuri a saman gangaren, ya juya bayanta ga rafi, ya fito da doguwar sarƙa daga akwatinsa ya shimfiɗa a ƙasa, sannan ya zauna a gindin mangwaro ya buɗe kwanon doya da Lydia ta ɗaure masa. Na ce, "Sarƙar ta mece ce?" Ya ce, "Ka ci doya, Malam Haruna."

Layi na farko Benson ya wuce lafiya. Na biyu ma haka, har malaman makaranta suka fara tafa masa. A na uku ya sauka inda ƙasa ta fi tsini. Muna kallo bayan taraktar ya fara zamewa a hankali, tayar da ke ta ƙasa ta nutse a wani rami da ruwa ya tausasa, ta sama kuma ta ɗaga har ana hango haske a ƙarƙashinta. Benson ya danne birki da kuloci, ta tsaya a karkace tana rawa. Mata suka sa ihu. Wani ya ce, "Yi tsalle! Yi tsalle!"

Ban taɓa jin Filibus ya ɗaga murya ba sai ranar. "Kada ka motsa! Kowa ya yi shiru!"

Ya gangara da sandarsa ta gefen sama, ya tsaya inda Benson zai ga fuskarsa. Muryarsa ta koma yadda take kullum.

"Benson, dube ni. Kada ka dubi rafi. Kashe wuƙar yankan. Yauwa. Yanzu sauke injin bayan ya zauna a ƙasa, a hankali. Ƙafarka ta gaji?"

"Tana rawa, Baba."

"Bar ta ta yi rawa, amma kada ta ɗaga. Ka karkato jikinka wajena. Minti biyu kawai nake so."

Ya ɗago mini hannu, na jawo bakin sarƙar na kai masa. Ya kwanta a cikin laka ya ɗaura ta a ƙarfen taraktar ta ɓangaren sama, ya hau tudu ya tada tasa, ya ja gaba taku ɗaya, taku biyu, har sarƙar ta miƙe ta yi ƙara. Tayar da ta ɗaga ta dawo ta taɓa ƙasa. Sannan ya ce wa Benson ya ja birkin hannu ya sauko ta gefen tudu. Benson ya sauko ya zauna a ciyawa ya rufe fuska da hula.

Honorabul ya iso yana haki, ya fara yi wa Benson faɗa. Filibus ya ce, "Honorabul, bari tukuna, aiki bai ƙare ba, kuma ina bukatarsa." Ya dafa kafaɗar Benson. "Tashi. Kai za ka hau tawa. Ni zan shiga taka in juya hancinta ƙasa. In na ɗaga hannu ka sako mini sarƙa da baya, kaɗan-kaɗan, kamar kana sauke yashi a ƙofar mai faɗa. Ka iya wannan fiye da ni."

Benson ya dube shi, ya goge fuska, ya hau. Haka suka yi. Filibus ya murza sitiyari zuwa gangare, ya sa giya ta ɗaya, ya fitar da tayar daga rami, Benson yana sako sarƙa daidai yadda aka ce masa. Da hancinta ya fuskanci rafi sosai, aka kwance sarƙar, ya sauka da ita a hankali ba tare da ya taɓa kuloci ba, ya bi bakin rafi ya zagayo ta hanyar masu ɗiban ruwa. Ya miƙa wa Benson makulli a gaban kowa.

Ƙarfe ɗaya da rabi, bayan na dawo daga masallaci, ƙasa ta bushe. Filibus ya fara nasa aikin. Ya hau da baya, ya sauko da gaba, ya sake hawa da baya, yana kauce wa jajayen ƙyallayensa. Benson ya tsaya a gefe yana kallon ƙafafunsa da hannuwansa har yamma. Abin da ya rage daga ɗorawa zuwa rafi, iyayen yara suka fito da adduna washegari da safe suka gama. Honorabul da kansa ya tuɓe babbar riga ya karɓi adda, ya yi sara kamar goma kafin tafin hannunsa ya yi bororo. Ciyaman ya zo wajen la'asar, ya murɗa famfo, ya sha ruwa, aka yi hoto, ya tafi. Ko leƙa bayan makarantar bai yi ba.

Tun daga ranar, duk mai fili a jingine daga Kakuri har Sabon Tasha Filibus yake nema, kuma in ya ce a jira rana, jira ake yi. Benson ya bar gonar da yake ya dawo wurinsa, suka yi shekara shida suna aiki tare. Da yana ta fara rufe idon Filibus, shi ya ce da bakinsa ya daina hawa gangare, tun kafin kowa ya lura. Ya bar wa Benson taraktar, ya koma Gonin Gora inda Judith take aikin jinya, ya kama kiwon kaji da noman kuɓewa a bayan gida.

Na kai masa ziyara bara da Kirsimeti. An yi masa aikin ido ɗaya, yana gani tangaran da shi. Lydia ta sa aka yanka mini zakara a wurin mahaucin Musulmi da ke bakin titi, muka ci muka ƙoshi. Da zan tafi ya rako ni har inda na ajiye babur, ya ce in dawo da wuri a watan Yuni, kuɓewarsa ta fi ta kasuwa, kuma in zo da buhu ba leda ba.