Sulken Fatar Maciji da Tsohuwar Bakin Ƙofa

Ni ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Wannan ma da kuke karantawa, 'yata ce take rubutawa ina faɗa mata. Amma daga ƙauyenmu har cikin Kwoi, ka tari duk wanda ya yi gemu ka tambaye shi wa ya ba shi tatsuniyar da ta hana shi zuwa rafi shi kaɗai, zai nuna maka ƙofar gidana. Kowace shekara, washegarin Kirsimeti da rana, idan 'ya'ya da jikoki sun dawo daga Kaduna da Jos da Abuja, akan kifa turmi a gindin mangwaron tsakar gida, in hau in zauna, su kewaye ni a tabarma. Tun da uwar mijina ta rasu zaman turmin nan nawa ne. Shekarar da zan ba ku labarinta, saura kaɗan in rasa shi, kuma a kan rigar yaƙin wani saurayi da ba a taɓa haifarsa ba.

'Yar tawa malama ce a wata sakandare a Kafanchan. Wata rana ta kama ɗaliba tana karanta littafin labari a ƙarƙashin tebur, ta ƙwace. Kafin ta mayar wa yarinyar, ita ma littafin ya kama ta. Da lokacin haƙar citta ya yi, takan zo gida ranar Asabar ta taya mu tsagawa. Sai na ga wuƙarta a kwance, cittar gabanta ba ta raguwa, ita kuwa kanta a cikin takarda tana ta “Kai! Kai!”

Na ce, “Malama, in ba za ki tsaga ba, to ki buɗe baki mu ji abin da ya fi citta.”

Da haka aka fara. Tana karantawa da Turanci a zuci, tana juya mana da Hausa, inda Hausa ta gaza ta shiga yarenmu. Littattafai huɗu ne a lokacin, kowanne kamar bulo, ana jiran na biyar. Kaka biyu muka yi muna tsaga citta a kansu.

Ga yadda labarin yake. Wani saurayi mai kiwon awaki ya shiga wani birni da ya rushe, ya faɗa ɗakin wani sarkin yaƙi da ya daɗe da mutuwa. Ya tarar da takobi da sulke a rataye. Sulken na fatar macijin teku ne, kibiya ba ta huda shi, mashi ba ya huda shi, wuta ma ba ta cinsa. Ya saka, ya yi masa daidai. Yana fitowa, wata tsohuwa a bakin ƙofar birnin ta kama gefen rigarsa, tana ta magana da yaren da ba ya ji, tana miƙa masa ɗan tulu a rufe. Ya fizge rigarsa ya tafi. Daga nan ya ci yaƙe-yaƙe har aka san shi ko'ina. Amma sulken sai matse shi yake yi. A littafi na biyu ya fara yi masa shaida a haƙarƙari. A na uku ya ƙi ciruwa, da shi yake kwana. Na huɗu ya ƙare ne saurayin ya faɗi a filin daga, numfashi ya ƙi fita, sulken ya tsage a kafaɗa. Ranar da 'yata ta rufe littafin a nan, na kusa jifanta da citta.

To akwai ƙanen mijina, hedimasta ne da ya yi ritaya. Tun ina amarya muke tsokanar juna, yakan kira ni matarmu, ni kuma in ce masa ƙaramin miji. Ya fara zuwa ne don ya yi mana dariya, wai tsofaffi sun koma jin labarin yara. Bai cika sati biyu ba ya ari littattafan ya kai gida. Daga baya har ya shiga wani guruf a waya, inda mutanen ƙasashe suke ta gardama a kan abin da ke damun sulken. Kullum da yamma sai ya zo da sandarsa da tabarau, ya zauna ya kwashe mana.

Wasu sun ce sulken yana shan ran duk wanda saurayin ya kashe, shi ya sa yake ƙara ƙarfi. Wasu sun ce macijin bai mutu ba, yana can ƙarƙashin teku yana jawo fatarsa. Wani mutum, wai likita ne a can ƙasarsu, ya rubuta dogon bayani cewa takobin da sulken abokan gaba ne, duk lokacin da aka zare ɗaya sai ɗayan ya ji haushi. Wannan ya ba ni dariya, amma na yaba masa, ya iya ƙulla zance. Mafi yawansu kuwa, har da hedimasta, sun tsaya a kan magana ɗaya: tsohuwar bakin ƙofa mayya ce, maganar da ta yi la'ana ce, tulun kuma guba.

Na ce, “Ƙaramin miji, ku duka da karatunku ba wanda ya taɓa gadon kaya?”

Ya ce, “Matarmu, mutum dubbai ne fa, wasu farfesoshi.”

“Su zama dubbai. Matar nan ba mayya ba ce. Ita ce mai kula da sulken.”

Ba daga sama na ɗauko maganar ba. Mahaifina mafarauci ne, tun kafin a gina cocin garinmu. Yana da garkuwa ta fatar ɓauna, wadda in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa kamar ƙofa. Mutane suna cewa asiri ne a jikinta. Ni kuwa da idona na ga asirin. Duk sabon wata, uwata takan sauko da ita daga rataya, ta narka man kaɗe, ta shafe ta ciki da waje da tafin hannu, ta bar ta a inuwa, sannan ta mayar da ita inda hayaƙin murhu ke ɗan taɓa ta, ba kusa ba, ba nesa ba. Mahaifina ya iya riƙe garkuwa, amma bai san ko cokali nawa na mai take ci ba. A wurinmu haka abin yake: in namiji ya mutu aka ba ka baka ko garkuwa ko gangarsa, ba ka fita da ita sai ka durƙusa gaban matar gidan ta gaya maka yadda ake ajiye ta. Da mahaifina ya rasu, ƙanensa ya zo da rawar jiki ya sungumi garkuwar. Uwata ta bi shi har zaure tana kira, yana cewa mace me ta sani a kayan maza. Ya jingina ta a rana a bayan ɗakinsa. Rani ɗaya ta yi ta nannaɗe kamar busasshen ganye, ta tsage. Sai ya bi gari yana cewa uwata ta yi mata baki.

Saboda haka da na ji tsohuwa ta kama riga tana miƙa tulu, ban ga mayya ba. Na ce matar sarkin yaƙin ce, tulun kuma mai ne. Fata ce ta bushe, ba wani abu ba.

Hedimasta ya yi dariya har da tari. Bai tsaya a gida ba, ranar Lahadi bayan sujada ya tsaya a ƙofar coci, gaban matan zumunta, ya ce, “Ku zo ku ji, matarmu za ta warkar da sulken tsafi da man kaɗe! Wannan marubucin Bature ne mai ilimi, ba tatsuniyar gindin mangwaro yake yi ba. Ni da za a bi tawa ma, bana sai in karanta wa jikoki littafi su ji labari na gaske.”

Jinina ya hau. Na ɗaure ɗankwalina na ce, “To ga shaidu. In littafi na biyar ya fito tsohuwar nan mayya ce, na sauka daga turmi, ka hau, ba zan ƙara hawa ba. In kuwa mai kula da sulken ce, za ka zauna a tabarma cikin jikoki, kai za ka amsa mini buɗin tatsuniya.”

Ya ce ya yarda. Mata suka yi guɗa. Sai da na iso gida na zauna, gabana ya faɗi. Ina ruwan Bature da garkuwar ubana? Wataƙila a ƙasarsu kowace tsohuwa mai tulu mayya ce. Amma magana ta riga ta fita, kuma ni ba na haɗiye maganata.

Littafin ya fito ana tsakar haƙar citta. A gabana 'yata ta karɓi wayar hedimasta ta cire shi daga guruf ɗin, kada ya leƙa ƙarshen labari. Jikata da ke aiki a Abuja ta sayi littafin ta ba direban bas. Kwana uku ina aikawa tasha. Ranar da mai mashin ya shigo da ƙunshin, na fito ba takalmi, na karɓa da hannu biyu, na shinshina shi. Nauyinsa ya kai na doya babba.

Makaranta ta yi hutu, saura sati Kirsimeti. Matan zumunta suka zo da wuƙaƙensu wai taya ni aiki, tsakar gida ta cika. Hedimasta ya kafa kujerarsa a gaba, 'yata ta buɗe littafi ta fara karanta mana. Rana ta farko ba a ko ambaci tsohuwar ba, sai sarakuna suna ta taro. Rana ta biyu wata yarinya maharbiya, abokiyar tafiyar saurayin, ta ɗora shi a keken shanu ta nufi rusasshen birnin, yana numfashi ɗaya-ɗaya. Na yanke yatsa ban ma ji ba, sai da maƙwabciyata ta nuna mini jini.

Rana ta uku da hantsi suka isa ƙofar birnin. Tsohuwar tana nan zaune, tulun a cinyarta.

Hedimasta ya buga sanda. “Ga ta nan! Jiransa take ta ƙarasa shi!”

Na ce, “Malama, karanta, kada ki tsaya.”

'Yata ta koma karatu a zuci, idonta yana gudu a kan takarda. Na ce, “Da ƙarfi! Ba ke kaɗai aka sayo wa ba!”

Tsohuwar ta tashi ta duba tsagar kafaɗar, ta yi tsaki. Ta buɗe tulun, ta jiƙa tsumma, ta fara shafa sulken tun daga wuya. Fatar ta yi ƙara, ta saki. Saurayin ya ja numfashi. Maharbiyar tana jin yaren tsohuwar, ita ta fassara masa: ruwan teku ne a tulun. Fatar macijin teku ce, in ba a wanke ta da ruwan gidansu a kai a kai ba sai ta ƙanƙance. Sulken na ɗanta ne, wato sarkin yaƙin, ita take wanke masa tun yana raye, bayan ya mutu ma ba ta fasa ba. Abin da ta yi ta faɗa masa ke nan a bakin ƙofa, ya fizge riga.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Citta ta zube daga zanina, na shiga rawa a tsakar gida da gwiwoyin nan nawa masu ciwo. Mata suna guɗa, wata tana buga bokiti, kaji suka watse. Na zagaya kujerar hedimasta sau uku.

Ya cire tabarau ya goge. “Tsaya, tsaya, matarmu. Kin ce mai, ga ruwa. Kin ce matarsa, ga uwarsa. Ai kin faɗi biyu.”

“A ƙofar coci me muka ce? Mayya ko mai kula?”

“Amma a jarrabawa, in amsa ba ta cika ba...”

“Wa ya kawo ka aji? Malama, ke ce mai littafi, yanke.”

'Yata ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, Mama ta ci.”

Gaskiya akwai wata magana da na yi a kan takobin, na ce an musanya shi a bakin kogi, ashe ba a musanya ba. Hedimasta ya so ya tayar da ita, na ce masa ba a kan takobi muka tara shaidu ba.

Washegarin Kirsimeti gida ya cika maƙil, har waɗanda ba jikokina ba sun zo, don labari ya kai Kwoi. Aka kifa turmi, na sa sabon zanina na hau. Hedimasta ya iso da babbar riga, ya dubi kujera, na nuna masa tabarma. Sai da mutum biyu suka riƙe shi ya kai ƙasa, wata 'yar jikata ta haye cinyarsa. Na ce wa yara yau kowa ya yi shiru, mutum ɗaya ne zai amsa. Na ɗaga murya na buɗe tatsuniya. Ya amsa can ƙasan maƙoshi.

Na kama kunnena na ce, “Ƙaramin miji, tsufa ya zo, ban ji ba.”

Ya dube ni, ya dubi yaran da suke ta danne dariya, ya gyara murya ya amsa da muryar da yake tara ɗalibai da ita a filin makaranta, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sannan na fara.