Ɗan tsakon da Inna take turo mini

Lokacin da na gama karatun kwamfuta na dawo Rano, ba ni da komai sai tsohuwar kwamfuta da girman kai. A shagon cajin wayar wani abokina nake yini, kusa da tashar motocin Kano. A nan na haɗa wani ɗan shafin intanet na neman emoji, 'yan hotunan nan da ake sakawa cikin saƙo. Ka rubuta dariya, fuska mai dariya ta fito. Ka rubuta haushi, ga ta nan ta murtuke. Direbobi ne 'yan gwajina, kuma ba su da godiya. Wannan ya ce ina goro, wancan ya ce aikin banza ne tunda babu fura. Har yau in na ji ƙarar janareta sai na tuna dariyar da muka sha a shagon nan. Wallahi ina kewar lokacin.

Mahaifiyata tana Fammar, ƙasar Kibiya, ni ne kuma ɗanta na fari. Kun san iyayenmu mata da kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko a waya gaisuwa ce a taƙaice, sai ta miƙa wa wani. Inna ba ta karanta boko, amma duk ranar da muka yi magana, da na kashe sai ta turo mini hoton ɗan tsako, shi kaɗai.

Ni gwanin emoji sai na ɗauka hannunta ne ke zamewa. Da na je gida da Sallah na zaunar da ita, na buɗe mata shafina, na ce kowane hoto da ma'anarsa, tsako kuwa ba ya nufin komai, za a yi mata dariya. Na nuna mata hoton hannuwan addu'a, na ce shi ya dace da dattijuwa. Tana ɓarar gyaɗa ta saurare ni har na gama, ta ce to, ta gode. Daga ranar addu'a take turowa, tsako bai sake zuwa ba. Har alfahari na yi a shago cewa na wayar da Inna.

Sai da Inna ta rasu, a zaman makokinta, ƙanwarta ta ba ni labari. Ashe bakwaini aka haife ni, ɗan mitsitsi, Inna ta riƙa ɗumama ni a cikin zaninta. Tunda ba ta iya faɗin sunana, in babu kowa sai ta ce ɗan tsakona. Ta ce ranar da Inna ta ga hoton nan a waya ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka, ta ce yau ta samu hanyar kiran yaron nan. Na tashi na zagaya bayan gida na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

'Yan'uwana masu ilimin zamani, in tsoho ya yi abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku gyara. Ni ban tambaya ba, da bakina na hana mahaifiyata kirana. Shafin yana nan, ba kowa ke shiga ba yanzu. Amma in ka rubuta ɗan fari, tsako ne zai fito.