Ranar da Malama Gisele Ta Ja Motar Dankali

Ranar Talata, 11 ga Maris, da hantsi, Lucien Daigle ya kira ni ya ce matarsa Gisele ta rasu a gida, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun shigowar sanyi. An yi mata addu'a a coci ranar Asabar. Binnewa kuwa sai ƙasa ta saki, domin har yanzu a daskare take, kamar yadda muka saba da mamatanmu na wannan lokaci. Daga ƙasa muka fito, cikinta za mu koma.

Gisele, kin san ni ba mai yabon mutane ba ne, kowa a kwarin nan ya sani. Na yi karatu har na ƙure shi, na koyar da tarihi a jami'a shekara da shekaru. Ranar da masu lissafin riba suka ga tarihi ba ya kawo ciniki, suka rufe sashen, na dawo gidan mahaifina da akwatunan littattafan da ba mai buɗewa. Tun daga nan na daina yarda da manyan makarantu da masu tafiyar da su, kuma ban sauya ba. Na sha zama a jana'iza ina jin ana shirga wa mamaci ƙarya, ni kuwa ina kallon takalmina. A kanki ba na bukatar ƙarya.

Aji ɗaya muka yi tun muna yara. Ni na tafi, ke kika zauna, kika zama mai ba ɗalibai shawara a sakandaren garinmu. A ofishinki akwai durowa cike da safar hannu da hulunan sanyi, yaro ya shigo ya ɗauka ba wanda zai tambaye shi. Kin san gidan da uba ya rasa aiki tun kafin maƙwabta su sani. Lokacin da na dawo na kulle kaina a ɗaki, ke kaɗai ce ba ki ji tsoron bakina ba. Kina zuwa da tukunyar farfesun kaza, ki ajiye a kan murhu, ki ce, "Dokta, fito ka sha iska kafin littattafan nan su cinye ka. Su ba sa jin yunwa, kai kana ji."

Ke kika gano cewa doka ta ba ɗan sakandare na ajin ƙarshe damar ɗaukar darasin kwaleji kyauta tun bai gama ba, kuma abin da ya ci a nan za a lissafa masa ranar da ya shiga jami'a. 'Ya'yan birane sun daɗe suna cin moriyar abin. Mu da muke can ƙarshen taswira, ba wanda ya ga dalilin gaya mana. Kika yi ta zirga-zirga tsakanin hukumar makaranta da kwalejin da ke garin gaba, har aka yarda yaranmu su riƙa zuwa da rana sau biyu a mako.

Na faɗa miki ra'ayina a lokacin. Na ce, "Gisele, so kike ki loda 'ya'yanmu kamar dankali ki tura manyan biranen kudu. Wanda ya ɗanɗana can ba ya dawowa, sai dai irina, bayan an tsotse shi an yar."

Kika ce, "Wanda ba shi da ƙofar fita ba a cewa ya zaɓi zama, Armand. Ni ƙofa nake buɗewa. Ci abincinka."

Yara kaɗan ne suka shiga a shekarar farko, kuma a cikinsu ba wadda kika sa wa rai kamar Celeste Bouchard. 'Yar manomi ce, babbar 'yar Normand Bouchard, kuma tun tana ƙarama take cewa likitar dabbobi za ta zama. A gidansu ba wanda ya taɓa taka kwaleji. Ta ɗauki darasin ilmin halittu, tana kuma yin ƙoƙari.

Sai muka yi kuskuren da ba mai yin sa sai mu. A nan, da zarar ƙarshen Satumba ya zo, makaranta takan rufe don haƙar dankali. Haka iyayenmu suka yi, haka muka yi. Yara su bazu gonaki, malamai ma wasu su bi su, a dawo aji bayan an cika rumbuna. Abin ya zauna mana a jini har ba ma ganinsa. Ba ke ba, ba shugaban makaranta ba, ba iyaye ba, babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa kwaleji ba ta san da wannan hutu ba. Mun ɗauka duniya duka takan tsaya idan dankali ya nuna.

Darussan da yara suka rasa, kin bi su da takardu gona-gona sun cike. Amma babbar jarrabawar tsakiyar zango ta faɗo a tsakiyar haƙa, kuma ƙa'idar darasin ita ce wanda bai zauna ta ba ya faɗi. Lokacin janyewa daga darasin ya riga ya wuce. Faɗuwar kwaleji kuma ba irin ta sakandare ba ce da malami zai dubi halin yaro ya sassauta. Tana manne da sunan mutum, duk inda ya nemi gurbin karatu ko tallafi za a gan ta. Yarinyar da kika buɗe wa ƙofa tana shirin shiga duniya da tabon da ba ta da shi kafin ki taimake ta.

Kika tafi kwalejin. Wani shugaban sashe, irin waɗanda na sani ciki da bai, ya ba ki kujera da shayi, ya saurare ki da murmushi, sannan ya ce ɗalibin kwaleji ɗalibin kwaleji ne, ba su da jadawali na musamman don manoma. Kin ce mini har ƙofa ya rako ki. Sun iya rakiya.

Sauran yaran ana iya sakinsu na wuni ɗaya, domin aikinsu tsayawa a kan injin haƙa ne suna tsince duwatsu daga cikin dankali. Celeste kuwa ita ke jan babbar motar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da injin tana karɓar abin da yake zubowa. Idan motar ta tsaya, injin ya tsaya. Direban Normand na biyu ya karye a hannu a makon, kuma a lokacin haƙa ba a samun direba ko da roƙo. Ga shi an yi hasashen sanyi mai daskarar da ƙasa zai sauka a ƙarshen mako, gonarsa ta ƙarshe tana nan ba a taɓa ba.

Normand bai hana ta zuwa jarrabawar ba. Abin da ya fi ciwo ke nan. Ita da kanta ta ce miki, "Malama, ki bar shi kawai. Ba zan bar Baba da gonar nan ba. Jarrabawa ba ta ruɓewa, dankali yana ruɓewa."

Da safiyar ranar jarrabawar kika buga mini ƙofa, sanye da tsohon wandon aikin Lucien da kika naɗe ƙafafunsa. Kika ce, "Sa takalmin gona, Dokta. Yau ilminka zai yi amfani." A motarki na tarar da Fada Roland, limamin cocinmu, da wasu tsofaffi biyu masu fansho. Kika rarraba mu gonaki, kowa ya maye gurbin yaro ɗaya. Ni da ke muka sauka gonar Bouchard.

Kika miƙa wa Celeste makullin motarki, kika ce ta kwashi sauran ɗaliban su wuce kwalejin. Ta dubi ubanta. Normand ya dube ki daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Malama, wa zai ja mini motar?"

"Ni."

"Yaushe rabonki da ita?"

"Tun kana tsotson yatsa. A gonar ubana na koya, kuma gonarsa ta fi taka duwatsu."

"Wancan kuma fa?" Ya nuna ni da haɓa. "Tarihin dankalin zai ba mu?"

Na ce, "Normand, na tsinci dutse a kwarin nan tun ubanka yana neman aure."

Bai yi dariya ba. Ya juya ga 'yarsa ya ce, "Me kike jira? Je ki wanke hannunki, kar ki ɓata musu takarda."

Ba zan ƙawata abin da ya biyo baya ba. Tuƙinki ya yi muni. A layin farko kika wuce injin, dankali ya zube a ƙasa. A na biyu kika makara, ya zube ta ɗaya gefen. Ina tsaye a saman injin ina tsintar duwatsu, ƙura ta cika mini baki, ina jin Normand yana ambaton sunayen tsarkakan coci ɗaya bayan ɗaya don takaici. Amma kafin azahar hannunki ya faɗa. Na leƙo na gan ki kin kafa ido a madubi, gashinki fari ya koma ja don ƙasa, kina jan motar nan daidai da injin kamar an ɗaure su da igiya. Kina da shekara kusan sittin, ga ciwon gwiwa, kuma ba ki sauko ba sai da yaran suka dawo da la'asar.

Wunin ya tafi a hankali fiye da yadda zai tafi da Celeste ce a kan sitiyari. Sanyin ya sauka kamar yadda aka faɗa, ya kuma cinye layukan ƙarshe na gonar. Kowa ya san haka, ke ma kin sani, kuma kin ɗauki abin a ranki.

Da sakamako ya fito, duk yaran sun ci. Celeste ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta haye da kyau, sunanta ya fita fes. Washegari Normand ya shigo makaranta da takalmin gona, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a ƙofar ofishinki. Kin ce mini kin ɗauka maganar asararsa ya zo yi.

Ya ce, "Malama, kin zubar mini da dankali, kin bar wa sanyi rabonsa. Ban taɓa ganin direba irinki ba." Ya juya hularsa a hannu. "Ki samu ki ƙara koyo kafin baɗi. Ƙanwarta ma za ta shiga."

Daga wannan shekara abin ya zama al'ada. Duk ranar jarrabawar kwaleji a lokacin haƙa, tsofaffin garin nan sukan fito su hau injuna a madadin yara, ba tare da an roƙe su ba. Kwalejin ta ɗauki shekaru kafin ta matsar da ranar, kuma da ta matsar, sai ta buga a mujallarta cewa ita ta hango bukatar 'ya'yan manoma. Ba su ambaci sunanki ba. Ban yi mamaki ba, ke kuma dariya kika yi.

Yaran da suka bi ta ƙofarki suna da yawa yanzu. Wasu sun tafi ba su dawo ba, kuma ina nan kan bakana cewa kwarin nan ya yi rashinsu. Amma da ƙafafunsu suka tafi, da shekarar karatu a hannu tun kafin su bar gida. Celeste ta gama, ta zama likitar dabbobi, ta kuma zaɓi dawowa. Yau duk mai saniya ko doki a gonakin nan lambarta yake kira. Na ga manyan masana da yawa a rayuwata, na zauna a tarukansu, na ji jawabansu a kan ilmi ga kowa. Ban ga ko ɗaya ya hau motar dankali don 'yar wani ta zauna jarrabawa ba.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Gisele ta zo gare ka. Ka ji ƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka karɓe ta cikin haskenka, ka ba ta hutun da ba ta ba kanta ba a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Lucien, da 'ya'yanta Odette da Gilles, da jikokinta, da malaman sakandarenmu, da duk yaron da ya taɓa ɗaukar safar hannu a ofishinta. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Armand Levesque