Takin Malam Aƙilu

To ku dai bari, wani taimakon gara mugunta da shi! Kun san Mama Bisola, Bayarabiyar nan mai sayar da robobi a kasuwar Malumfashi? A garin nan ta tsufa, Hausa a bakinta kamar Bakatsiniya. Ba gona, ba akuya. Abu ɗaya ta ƙwallafa wa rai: wani ɗan itace a bayan ɗakinta, ganyensa fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. In ka murza shi, ƙamshin na hannunka har la'asar. Daga gidan mahaifiyarta na bakin teku ta yanko reshen, ranar da aka binne tsohuwar. Gidan ma an sayar, an rushe. Shi kenan abin da ya rage mata.

Itacen nan ba ya son gata. A yashin da ta ɗebo daga rafi ta dasa shi, ruwa kuwa sai jefi-jefi, kuma yana nan lafiya lau.

Sai ta tafi bikin jikarta, ta bar wa maƙwabcinta Malam Aƙilu makulli. Shi manomin masara ne, a wurinsa duk ganyen da bai yi kore shar ba, yunwa ce. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce matar nan ba ta da tausayi. Ya watsa takin yuriya, ya bi da ɗanyen kashin kaji, ya dinga malala ruwa safe da yamma.

Da ta dawo, wari ne ya tarbe ta tun daga zaure. Ƙudaje buu! Ganye ya yi baƙi ƙirin. Ta kama gindin, ya saɓule a hannunta kamar ruɓaɓɓiyar albasa, tsutsotsi na motsi.

"Malam, me ka yi wa ɗana?"

"Haba Mama, taki fa na ba shi! Daga na gonata na ɗiba. Ba ki ga ya yi fari ba?"

"Haka Allah ya halicce shi!"

"To ai da sai ki faɗa."

Ta tsinci wani reshe ta soka a gwangwani, bai kama ba. Yanzu a rumfa sai ka ga ta shinshina yatsunta, ta sauke hannu.

Shi kuwa gogan yana majalisa yana cewa matar ba ta san godiya ba. Ku faɗa min tsakani da Allah, gode masa za ta yi, ko kwasar kashin kajin za ta yi ta juye masa a zaure?