Malam Muntari da Cunkoson Bayan Azahar

Bakwai saura kwata Malam Muntari ke jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar kamfaninmu na jima a Challawa. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa sai ya leƙa ɗakin sanyi, ya dafa sabobin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba zazzaɓin 'ya'yansa. Su ne manyan kwamfutocin da kowace manhaja ke zaune a ciki. Abin da ke kan teburanmu allo ne da madannai kawai. In saba ta tsaya, mu arba'in mun tsaya.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayan shekara ashirin da uku. Da gyaran tafireta fa ya fara! Ni da ke sito, abin da na gani da idona zan faɗa.

A 2005 aka kusa korar Zuwaira, mai buga takardun fitar da kaya. Kullum da rana allonta sai ya daskare, manyan motoci cike da fata su yi layi, wasu har su kwana. Manaja ya ce nawar aiki ce da ita. "In mota ta sake kwana kafin Juma'a, ki nemi wani wurin." Mace mai marayu uku! Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Malam Muntari ya jawo kujera kusa da ita, ya ce, "Ƙanwata, da ƙarfe nawa yake daskarewa?"

"Ni dai da na dawo daga salla, Malam."

Kwana biyu yana zaune da ɗan littafinsa. Ashe injiniyoyin da suka kafa kayan sun jibge manhajar haɗa launi, wadda ta fi kowace nauyi, a saba ɗaya da ta Zuwaira. A lissafinsu mutane za su riƙa shiga jefi-jefi. Ba su san mu ba! Liman na sallame Azahar, duk kamfanin zai hau kwamfuta a minti guda.

Sai ya sake rabon. Ya kwashe ta launi ya raba wa saba ta biyu da ta uku. Manhajar takardu ya bar mata saba ta ɗaya ita kaɗai, ya ajiye kwafinta a ta huɗu saboda tsaro. Mai taurin kan ya ƙi taɓa komai sai da muka shiga sahu, don kada aikin wani ya yanke. Shi kaɗai ya yi tasa sallar daga baya.

Ran Alhamis kafin La'asar mota ta ƙarshe ta wuce Na'ibawa. Manaja ya yaba wa "sabon tsari", ko sunansa bai kira ba. Har yau abin na ci mini rai, shi kuwa dariya yake.

Malam, kai ne mai rabon kaya daidai wuyan kowa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya.

Ku masu tasowa a masana'antun Sharada da Bompai, kafin ku ɗora wa mutum laifi, ku jawo kujera. Zuwaira na nan a teburinta, babbar 'yarta ta shiga jami'a bana. Jiya take ce mini, "A wancan lokacin kowa tambayata yake me ke damuna. Malam ne kaɗai ya tambaye ni ƙarfe nawa."