Bajimina da Dodon Gulbi

Bari in faɗi da bakina tun kafin wani ya riga ni: cikin wannan labari ni ne wawan. Kuma ba wawa na banza ba, wawa mai aji uku na firamare, wanda mutanen ƙauyenmu, can gefen Tozai, ke kawo ma takardar asibiti ya karanta masu.

Shekara ta biyu ke nan ruwa yana yi mana rowa. Mun yi binne, shukar kafin ruwa, gero ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, ya ƙone. Rijiyar gari ta koma laka. Abin da ya rage sai ramukan da muke tonawa cikin rairayin gulbi, mutum ya durƙusa da ƙwarya yana jiran ruwa ya tsattsafo. Can mata ke ɗiba, can nake kai bajimina safe da marece. Shi kaɗai ya saura cikin shanuna, shi nake haɗawa da na maƙwabcina mu yi huɗa. Idan ya faɗi, ko ruwa ya sauko ba ni da noma.

Cikin wannan hali jikata ta zo hutu daga Sakkwato. Ɗiyar ɗana ce ta fari, amaryata ta wasa, tana karatun wani abu da kwamfuta. Na tambaye ta ko likita za ta zama, ta ce a'a, koyon ƙera halittu take don fim. Na ce mata ƙera halitta ai akwai Mai shi, kuma ban ji yana neman mataimaki ba.

Kwana uku tana yawo da waya. Ta ɗauki hoton tsattsagen laka, ta ɗauki fatar wani damo da anka kama, da ƙahonin bajimina, har da idon rago. Rannan ta zo da farin salatif ta manna mani a gwiwa, da gwiwar hannu, da kafaɗa, ta ce ango ya yi tafiya daga bakin zaure zuwa gindin gawo, amarya ta gani ko da sauransa. Ni kuwa na buɗe kafaɗa na taka. Tun ina saurayi raƙumi ya hambare ni a hanyar Maraɗi, ƙafar hagu ja nake, amma ranar na ja ta da kwarjini.

Bayan sati biyu ta raka kakarta, wato matata, garin Isa wajen sunan wata ɗiyar ƙanwarta, za su yi kwana uku.

Washegarin tafiyarsu ina zaune inuwa, sai na ga maza sun yi cincirindo a rumfar mai cajin waya. Anka kira ni, tunda ni ne mai boko. Anka miƙo mani waya.

Gulbinmu ne. Na gane shi da kukar nan mai rassa biyu. Ga ramukan ruwa, ga bajimina tsaye a gefe yana kaɗa wutsiya. Sai rairayi ya fara motsi. Ya tsage. Wani abu ya turo ƙahoni, sannan kai, sannan jiki mai tsawon rumbu biyu, fatarsa a tsattsage, ƙura na zuba daga gadon bayansa. Ya juyo da ido rawaya ya dube ni, ni ɗin nan da ke riƙe da waya. Sannan ya kama tafiya wajen ramukan, inuwarsa na binsa a ƙasa.

Inuwar ce ta gama da ni. Na ce masu hoton ƙarya ba ya da inuwa, wannan abu ne da duk mai ilimi ya sani. Ban san inda na samo wannan ilimi ba, amma na faɗe shi da murya irin ta alƙali. Na ƙara da cewa tun muna yara tsofaffi ke faɗin gulbin nan akwai mai shi, yanzu ruwa ya janye, mun bi shi da tono har ɗakinsa. Mai caji ya ce shi dai cikin wayar surukata, matar ɗana, ya gani ya kwafa. Ban ko saurare shi ba.

Kafin la'asar babu macen da ta yarda ta sauka gulbi. Anka koma tatsar lakar rijiya ana tacewa da tsumma, ruwan da ko mutane bai isa ba, balle dabba. Na ɗaure bajimina a turke. Ya duba hanyar gulbi ya yi kuka, na ce mashi ya yi haƙuri, ceton ransa nake.

Surukata, uwar yarinyar, ta san komai. Amma shekara ashirin da aurenta ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, kuma ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa. Ta zo bayan zana ta durƙusa, ta ce a hankali, “Baba, da dai an jira waɗanda sunka tafi Isa.” Na ce mata wannan ba maganar mata ba ce. Na ji ta tashi.

Kwana biyu bajimina yana shan rabin ƙwarya. Rana ta uku da hantsi ya durƙusa, ya kwanta, ya miƙe wuya a ƙasa. Duk wanda ya yi kiwo cikin fari ya san wannan kwanciya. Ina tsaye kansa, ban san ko wuƙa za ni nema ba, sai ga jikata da kakarta sun sauko daga mashin.

Uwar ta raɗa ma ɗiyarta abin da ya faru. Yarinya ta ɗauki jarka biyu ta nufi gulbi, uwarta na biye. Anka riƙa ɗura ma bajimi ruwa kaɗan-kaɗan, da dusa a ciki. Maza shida sunka zura itace ƙarƙashin cikinsa sunka ɗaga. Ya yi tangaɗi, ya ware ƙafafu, ya tsaya.

Bayan azahar ta buɗe kwamfuta a zaure, rabin gari na leƙe. Ta danna, fatar dodo ta ɓace, ga lakarmu da damo. Ta danna, ƙahoni sunka koma na bajimina. Ta danna, inuwar da na kafa hujja da ita ta tashi tsaf, ta sake mayar da ita. Aikin jarrabawarta ne, na farko da ta yi ita kaɗai. Daga ƙarshe sai wasu sanduna da ɗigo farare ke tafiya, ƙafar hagu na ja. A gefensu ga ni, da salatif a gwiwa, ina buɗe kafaɗa.

Wani ya yi tari irin wanda ba tari ba.

Na gyara murya na ce laifin makaranta ne. Yaya za a koya ma ɗiya mace yin abu mai ban tsoro haka, ta kusa kashe mani sa? Na ce duk mai hankali ya ga wannan halitta ta nufo shi dole ya tsere.

Tsohuwata tana bakin ƙofa, ko mayafin tafiya ba ta cire ba.

“Malam, shekara arba'in da biyar wannan tafiyar na shigo mani gida kullum, ban taɓa hana sa shan ruwa ba.”