Tsagar da Muka Toshe

Abokina injiniya ne, Bazazzagi, yana zaune a garin Clinton, can ƙasar waje, kuma ruwan da ya sani bai wuce na buta ba. Kwatsam ya sayi tsohon jirgin ruwa na katako, irin mai tafiya da iska. Shekara biyu muna zuwa wurin gyara a bakin kogin Potomac duk Asabar, shi yana goga samfefa, ni ina ba da shawara, tunda na taɓa hawa kwalekwale a Yawuri da Mopti. Burinsa ɗaya, jirgin ya hau ruwa kafin sanyi ya dawo.

Mai kula da wurin wani tsohon kafinta ne, Bature. Tun farko ban yarda da shi ba. Kullum yana shafa jikin jirgin nan kamar nasa. Daga baya muka ji ashe ya so mai jirgin na farko ya bar masa shi.

Da aka kusa sa shi a ruwa, sai muka ga tsaga tsakanin katakan, har haske na shigowa. Tsoho ya cusa auduga, ya shafe da wani abu mai laushi kamar ƙullu, ya ce shi ke nan. Wai katako zai sha ruwa ya kumbura, ya rufe kansa.

Na ja abokina gefe. "Injiniya, ka taɓa ganin wanda ya bar rufin ɗaki a tsage, wai damina za ta gyara masa?"

"Kai Alhaji, ku Kanawa kowa ɗan damfara ne a wurinku."

"To zauna nan. So yake ya nutse, ka gaji, ka bar masa."

Ya bi shawarata. Ran Lahadi, tsoho na coci, muka zo da gam irin mai bushewa kamar dutse, muka cike tsagar da ta fi faɗi, muka bi da fenti.

Aka sauke jirgi a ruwa. Ruwa ya riƙa shigowa ta ko'ina, ban da wurin da muka toshe. Na kalli Injiniya, na gyara hula. Kwana uku famfon kwashe ruwa na aiki, tsoho ko a jikinsa. A na huɗu yoyo ya tsaya cak.

A na biyar Injiniya ya kira ni. "Alhaji, taho ka ga shawararka."

Katakon ya kumbura kamar yadda aka faɗa, amma a wurinmu bai sami inda zai matsa ba, sai ya dare. Aka ɗago jirgin. Tsoho ya sa wuƙa ya ɓanɓaro gam ɗin, ya jujjuya shi, bai tambayi kowa komai ba. Ya ce sabon katako sai bayan wata huɗu.

Injiniya bai hau ruwa ba a shekarar, kuma ya yi mako uku ba ya ɗaga wayata. Laifina ne, na amsa. Sai dai har yau ina zargin tsohon nan ya ga gam ɗin tun kafin a sauke jirgin, ya ja bakinsa ya yi gum.